Kafin ku sayi kyamarar DSLR, ku duba gilashinta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai son kyamarar ɗaukar hoton iyali da na tafiya, amma aljihu bai da nauyi, shawarata ita ce kada ya zuba kuɗinsa duka a jikin kyamarar DSLR, wato irin wadda ake sauya wa gilashi. Gilashin da ake ɗaura mata a gaba shi ne ke fitar da hoto.

Nikon D3500 ko Canon 2000D, dukkansu na 2018 masu megafiksel 24, sun isa har sun yi yawa. Ni D3500 na fi so saboda ba ta da nauyi a wuya, kuma caji ɗaya kan ɗauki hoto kusan 1,500. Sai dai ku kula, gilashin Nikon mai alamar AF-S ko AF-P ne kawai yake saita kaifin hoto da kansa a kanta.

Gilashin 18-55mm da ke zuwa da ita ya yi daidai da tafiya. A cikin ɗaki kuwa, inda haske ya yi ƙaranci kuma yara ba sa zama wuri ɗaya, yakan gaza. Ku ƙara gilashi mai shigar da haske sosai, 35mm f/1.8 a Nikon, ko 50mm f/1.8 a Canon. Fuskar yaro za ta fito tas, bayansa ya dushe.

In ta hannu za ku saya, ku tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Ku haska tocila cikin gilashin ku nemi fumfuna, takan yi kama da yanar gizo-gizo. Sannan ku ɗauki hoton farin bango a f/16, wato ku tsuke ƙofar da haske ke shiga gilashin. In baƙaƙen ɗigo suka fito, ƙura ce a cikin kyamarar, sai a rage muku kuɗin gogewa.