Yadda za ka auna ƙarfin maganaɗisu a wurin aiki in kana da ma'aikaci mai batirin zuciya

In ma'aikacinka ya dawo daga asibiti an saka masa batirin zuciya, kar ka ce shikenan a sallame shi ko a kai shi ofis ya zauna, kuma kar ka ce ai ba komai ya koma kan injinsa kawai. Aunawa ake yi, kuma yawanci in an auna sai ka ga wurare biyu ko uku ne kawai a duk ma'aikatar ke da matsala.

Na'urar nan sauraron bugun zuciya take yi ta wayoyin da aka zura har cikin zuciyar, in ta ji shiru sai ta tura ɗan lantarki zuciyar ta buga. To in mutum ya shiga wurin da ƙarfin lantarki ya yi yawa, wayoyin nan na iya kwaso shi, na'urar ta ɗauka bugun zuciya ne ta ƙi turawa, sai ka ga jiri ya ɗebi mutum ko ma ya faɗi, wanda kuma aka saka masa irin mai ba da shokin lantarki in bugun zuciya ya rikice, tana iya jan shi ba gaira ba dalili. Mayen ƙarfe kuma daban ne nasa, shi juya na'urar yake ta koma bugawa a kan lamba ɗaya ba ta sauraron zuciyar, mai shokin kuma ta daina ba da shokin ko da ana buƙata.

Kafin ka taɓa mitar awo, zauna da ma'aikacin tukunna. Ya kawo katin da aka ba shi a asibiti, akwai sunan kamfani da samfurin na'urar a jiki, da shi za a tambayi likitan zuciyarsa da kamfanin, irinsu Medtronic ko Abbott ko Boston Scientific, iyakar da na'urar ke ɗauka da yadda aka saita ta, don saitin wani ba na wani ba ne. Kuma maganar lafiyarsa sirrinsa ce, ba ta yaɗawa a wurin aiki ba.

Sai ku zagaya tare ya nuna maka inda yake tsayawa da gaske, ba inda takarda ta ce yana tsayawa ba. Injin walda, taransifoma, janareto, manyan moto na lantarki masu juya inji, murhun narkar da ƙarfe, mayen ƙarfen da ke ɗaga kaya, eriyar rediyo, har oba-oba ɗin da ake ratayawa a ƙirji. Hanyar da yake bi zuwa banɗaki ma ka duba, don wani lokacin ta bayan ɗakin taransifoma ta ratsa kuma ba wanda ya taɓa tunaninta.

Mita ɗaya ba ta auna komai da komai, nan ne mutane ke yin kwaɓa. Mayen ƙarfe da wutar DC, wato irin ta batir, mitarsu daban, wutar layi mai haz 50 ko 60, wato yawan juyawarta a daƙiƙa, tata daban, igiyar rediyo ma tata daban. Nemi wadda ke aunawa ta fuska uku lokaci guda, in mai fuska ɗaya ce sai ka dinga juya ta a hankali har ka samu lamba mafi girma, sannan ka duba takardar saitinta kar wa'adin ya wuce. Manhajar waya dai gaskiya ka bar ta, ba da ita ake yanke hukunci a kan zuciyar mutum ba.

Wajen aunawar, riƙe mitar daidai ƙirjinsa, kuma a yadda yake aikin. In mai walda ne da ke sunkuyawa kan ƙarfe to a sunkuye za ka auna, ba a tsaye nesa da tebur ba, kuma ka lura da kebul ɗin, da yawa kan kafaɗa suke ɗora shi don kar ya dame su, wato ya bi ta kan na'urar kenan kai tsaye. Injin ya kasance yana aiki da cikakken lodi, don maganaɗisun da yawan wutar da ake ja yake tafiya, in ka zo lokacin hutu ka auna za ka samu lamba mai daɗi wadda ba ta da amfani. Ka sa a kashe a kunna a gabanka ma, lokacin tashin inji wuta kan yi tsalle, saboda haka sa mitar ta riƙe lamba mafi girma ba matsakaiciya ba. Fara daga nesa kana matsowa, kana rubuta lamba da tazara, mita 2, mita 1, santimita 50, 30, za ka ga yadda abin ke faɗuwa da sauri da zarar an ɗan ja baya. In ƙarfin lantarki kake aunawa ba na maganaɗisu ba, jikinka na ɓata awon, ɗora mitar kan abin da ba ƙarfe ba ka matsa gefe. Shi kuma mai na'urar kar ya biyo ka cikin wurin da ba a riga an auna ba.

Lambobin da za ka gwada da su: na mayen ƙarfe, dokar Tarayyar Turai ta 2013 ta sa ƙarfin maganaɗisu militesla 0.5, wato gaus 5, ga masu irin wannan na'ura. Na wutar layi, ƙungiyar ACGIH ta masana lafiyar wurin aiki a Amurka ta ba da maikrotesla 100, da kilobolt 1 a kowace mita na ƙarfin lantarki. Ka kula da kyau, iyakar sauran ma'aikata a haz 50 maikrotesla 1000 ce a dokar Turan, ninki goma kenan, to in wani ya kawo maka tsohon rahoto ya ce ai an auna wurin nan lafiya lau, tambaye shi da wace iyaka aka gwada. In kana son bin tsari a rubuce akwai ma'aunin EN 50527, don wannan aikin aka yi shi.

Inda lamba ta wuce, ja layi a ƙasa da fenti daidai inda ta sauko ƙasa da iyaka, ka ƙara ɗan rata, ka kafa alamar nan mai hoton zuciya da jan layi a kai. Na walda kamfanonin kan ce wuta kar ta wuce amfiya 160, a murɗe kebul biyun tare, a maƙala kebul ɗin earth kusa da inda ake waldar, ƙirji ya yi nesa da santimita 60, amma wannan sai likita ya amince tukunna. Wayar salula kuma santimita 15, kar a sa ta a aljihun gaba. Ka gaya masa in ya ji jiri ko bugun ya canza ya bar wurin nan take ya sanar, yawanci na'urar na komawa daidai da an yi nisa, amma duk da haka a kai rahoto asibiti.

Ka rubuta komai, rana, sunan mita, inji da lodinsa, tazara, ka ba shi kwafi ya kai wa likitansa. Duk ranar da aka kawo sabon inji ko aka canza hanyar kebul, ko aka sake saita masa na'urar, sai an sake aunawa.