Yadda Ake Raya Sana'o'in Zamanin Mulkin Mallaka a Gidan Tarihi Mai Rai

Gidan tarihi mai rai shi ne wanda baƙo zai shiga ya tarar maƙeri yana ƙira, mai girki tana kan murhu, masu bulo suna taka laka, kowa cikin tufafin wani zamani da ya shuɗe. A Amurka, wanda aka fi sani shi ne Colonial Williamsburg da ke jihar Virginia, garin da ya zama fadar mulkin Ingila a yankin daga 1699, ya ci gaba da zama babban birni har 1780. An fara gyara shi a 1926 da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami, kuma har yau akwai gine-gine 89 na asali a tsaye. Akwai kuma Plimoth Patuxet a Massachusetts, wanda ya tsayar da agogonsa a shekarun 1620. Abin da ke riƙe irin wannan wuri shi ne aikin ya zama na gaske: ƙusar da aka ƙera a kafa ta a gini, kyandir ɗin da aka yi a kunna shi. Baƙo yana gane kwaikwayo tun daga bakin ƙofa.

Matakin farko shi ne tsayar da shekara da gari. "Zamanin mulkin mallaka" a Amurka ya kama daga 1607 zuwa 1776, kuma kayan gidan manomi na 1627 ba su yi kama da na ɗan kasuwar 1770 ba. Da zarar an zaɓi shekara, sai a koma ga takardu. Mafi amfani su ne jerin kayan mamaci da kotu ke sa a rubuta kafin rabon gado, domin a ciki ake lissafa tukwane, cokula, guduma da gadaje ɗaki bayan ɗaki, da ƙimarsu a fam da sule da kwabo. Sai littattafan bashi na masu shaguna, da tallace-tallacen jaridar Virginia Gazette da aka fara bugawa a 1736, da abin da masu tono suka haƙo a filin. Duk kayan da babu shaidarsa a waɗannan, a fitar da shi daga ɗakin ko da ya yi kyau. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika ɗakin talaka da kaya. Wanda takarda ta nuna yana da tukunya biyu da benci ɗaya, a bar shi da su.

Sannan a yanke yadda ma'aikaci zai yi magana. Ko dai ya zama mutumin wancan zamani, ya ce "ni" da "mu", bai san mota ko lantarki ba, ko kuma ya sa tufafin amma ya yi bayani da bakin yau. Ga masu sana'a, hanya ta biyu ta fi dacewa, domin baƙo zai tambayi zafin wuta da irin ƙarfen, kuma yana buƙatar amsa kai tsaye.

Ƙirar ƙusa ita ce aikin da ya fi dacewa a fara nunawa a maƙera, saboda baƙo yana ganin farko da ƙarshe kafin ya gaji da tsayuwa. Ana buƙatar siririn sandan ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurinsa kamar milimita 6, da uwar maƙera, da guduma, da wani ƙarfe mai kaifi da ake kafawa a ramin uwar maƙera don yanka, da kuma ƙarfe mai huda wanda ake yin kan ƙusa a cikinsa. A sa bakin sandan a wuta, a ja zugazugi har ya wuce ja ya koma ruwan lemo mai haske. A ɗora shi a gefen uwar maƙera, a riƙa dukan fuska biyu kawai, ana juya shi kwata a mayar, har ya yi tsini. A yi masa kafaɗa a inda jikin ƙusar zai tsaya, domin kafaɗar ce za ta hana ta zurmawa cikin hudar. A bar kamar santimita 1 sama da kafaɗar, a ɗora kan ƙarfen yanka, a sare shi amma kada a raba gaba ɗaya. A zura tsinin cikin hudar, a murɗe sandan ya ɓalle, sannan a yi duka ɗaya a tsakiya da huɗu a gefuna, kan ya fito da fuskoki. Idan an tsoma cikin ruwa, ƙusar takan ɗan tsuke ta faɗo da kanta.

Abubuwa uku ke ɓata ta. Idan aka ci gaba da duka bayan ƙarfen ya yi duhu, tsinin zai tsage. Idan aka bar shi a wuta har ya fara tartsatsi fari, ya ƙone, sai a yanke wurin a yar. Idan kuma ba a sare shi daidai ta kowane gefe ba, kan zai karkace gefe guda. A ajiye sanda biyu a wuta, ɗaya na zafi ɗaya na hannu, kamar yadda masu ƙusa suka yi. Ya kamata maƙerin ya faɗa wa baƙi cewa ƙarfen da yake duka yawanci na zamani ne, domin irin na da, mai zare-zare a cikinsa, an daina sarrafa shi a masana'antu. Ya kuma faɗi su wa suka yi aikin: a Monticello, gonar Thomas Jefferson wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yara maza bayi ne masu shekara 10 zuwa 16 suke ƙera ƙusa daga 1794.

Wannan batu na bayi ba a barinsa gefe. Kusan rabin mutanen Williamsburg a jajiberin juyin juya halin Amurka baƙaƙen fata ne, akasarinsu bayi, amma sai a 1979 gidan tarihin ya fara ba da labarinsu a tsare. Ɗakin girkin attajiri da babu wanda zai ambaci baiwar da ke tashi kafin asuba ta hura wuta, ƙarya yake faɗa, komai ingancin tukwanensa.

Kyandir na kitse aikin kaka ne, bayan yanka dabbobi, lokacin da iska ta yi sanyi. A sami kitsen da ke kewaye da ƙodar sa ko tunkiya, shi ya fi tauri. Man alade ba ya yi, yana da laushi kuma yana wari. A yayyanka kitsen ƙanana, a sa a tukunya da ɗan ruwa, a bar shi kan garwashi kaɗan har ya narke, a tace da ƙyalle. Idan ya huce zai daskare a sama, dattin ya zauna a ƙasa, sai a kankare shi. Kitsen da ba a tace sosai ba shi ke sa kyandir tartsatsi da ɗoyi.

Don tsomawa, a zuba ruwan zafi a ƙasan tukunya mai zurfi, narkakken kitse ya yi iyo a kai, a riƙe zafinsa a wajen digiri 60 na ma'aunin Selsiyos. A rataya lagwanin auduga murɗaɗɗe guda shida a kan sanda, da tazarar yatsu uku tsakaninsu. Tsomawar farko a bar su su sha kitse, a miƙar da su da yatsa kafin su daskare, domin lagwanin da ya lanƙwashe a nan ya lanƙwashe ke nan. Daga nan a tsoma a ciro cikin daƙiƙa biyu ko uku, a rataye, a ɗauki wani sandan. Da sanduna goma ana zagayawa, kafin a dawo kan na farko ya sha iska. Sai an yi wajen sau 30 kafin kyandir ya kai kauri. Idan ba ya ƙara kauri, kitsen ya yi zafi da yawa yana narkar da na baya. Idan yana fitowa da ƙulli-ƙulli, ya yi sanyi. Idan ya tsattsage, an sanyaya shi da gaggawa. A kuma nuna wa baƙi almakashin datse lagwani, domin lagwani kitsattse mai cinye kansa bai zo ba sai a shekarun 1820. Kafin nan, dole a riƙa datse bakin a kai a kai, in ba haka ba wutar ta yi hayaƙi, kitsen ya zubo ta gefe.

Bulo ya fi kowanne cin lokaci. Ana taka yumɓu da ƙafa a cire duwatsu, nan ne ma ake barin baƙi su cire takalma su shiga. A barbaɗa yashi a ma'aunin katako, a jefa curin laka da ƙarfi don ya cika kusurwoyi, a share saman, a kife a fili. Bayan kamar mako guda a jera su ƙarƙashin rumfa su yi makonni suna bushewa. A Williamsburg, ana yin bulon da bazara, a gasa da kaka: ana tara dubbai su zama matoya da kansu, da ramukan wuta a ƙasa, a shafe jikin da laka, a yi kamar kwana biyar ana zuba itace dare da rana. Kwanakin farko wuta kaɗan ake so, har farin tururi ya daina fita. Wanda ya yi gaggawar ƙara wuta, ruwan da ya rage a cikin bulon zai fasa shi. Na kusa da ramin wuta kan fito da ƙyalli mai duhu, na gefe kuma su fito da laushi, sai a sa su a bangon ciki inda ruwan sama ba ya kaiwa.

Duk mai aiki kusa da wuta ya sa ulu ko lilin na gaske, kada a yarda da yadin roba ko da a zaren ɗinki ne, domin yana narkewa ya manne a fata. A ajiye bokitin yashi da murfin ƙarfe kusa da tukunyar kitse, kuma ba a zuba ruwa idan ta kama. A ɗaura igiya tsakanin baƙi da uwar maƙera, a juya ta yadda ɓarɓashin ƙarfe zai tashi ta bango. Ƙusoshin da suka huce kaɗai ake miƙa wa yara, a ajiye su a akushi dabam, nesa da inda sababbi ke faɗowa, domin ƙarfe yana komawa baƙi tun yana iya ƙona hannu.