Yadda za ka gyara burauzar salularka kafin ta faɗa hannun wani

Yawancinmu nan Damagaram in mun sayi Tecno ko itel ko Infinix a Kasuwar Dole, burauzar da muka tarar a ciki, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da ita muke ta aiki har salular ta mutu, ko Chrome ko Phoenix, ba mai tambayar me take kwasa. Alhali duk abin da ka nema a intanet, ciwon da kake jin kunyar faɗa wa likita ne, ko canjin sefa da naira, ko sakamakon BAC na ƙaninka, ta burauza yake bi.

Fara da zaɓe. In matsalarka forfe ce mai saurin ƙarewa, ko kana yawan tafiya hanyar Tanout ko Magaria inda rezo ke zuwa yana komawa, sa Opera Mini. Dabararta ita ce shafin da ka nema sai ya fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, su matse shi ya ƙanƙance sannan ya iso maka, shi ya sa take buɗewa ko da sanda ɗaya ce. Amma tunda ta hannunsu yake bi, ni dai ba na shiga harkar kuɗi da ita, labarai da ƙwallo kawai. Chrome ma da yana da irin wannan tsarin na rage cin mega, Google suka cire shi a 2022, to kar ka wahalar da kanka kana nemansa. Don aikin kullum na fi son Firefox, saboda a Android yana yarda ka ƙara masa uBlock Origin mai toshe talla da ƴan leƙen da ke bin ka daga shafi zuwa shafi, abin da Chrome na salula ba ya yarda da shi, kuma ba mamaki tunda da talla Google ke cin abinci. Wanda ba ya son dogon saiti ya ɗauki Brave, da toshewarsa yake zuwa. Biyu sun isa, ƙaramar salula ba ta ɗaukar huɗu.

Sai waɗannan saƙonnin da ke faɗo maka tsakar dare, wai ka ci kyauta ko wai salularka ta kamu da cuta, wani lokacin ma da hotunan banza ga yara na kallo. Ba kowa ya shige ka ba, wata rana ce wani shafi ya tambaye ka ka danna Autoriser ba ka karanta ba. A Chrome taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Paramètres, sai Paramètres des sites, sai Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba, ko ka kashe gaba ɗaya ka huta. Tunda kana wurin duba na kamara da makirfo da na wurin da kake.

Navigation privée kuma, wato yanayin sirri na burauza, mutane sun ba ta girman da ba nata ba. Aikinta ɗaya ne, in ka rufe ba ta barin tarihi a cikin salular. Kamfanin layinka da mai wifin da ka hau suna iya sanin shafin da ka je, shafin ma ya san ka zo, kuma abin da ka sauke yana nan zaune a Téléchargements. A Amurka har ƙara aka kai Google kan wannan, a 2024 suka yarda za su goge tarin bayanan da suka tara na masu amfani da ita. Tana da amfani dai in ka ari salular wani ko wani ya ari taka.

Yanzu ga inda ya fi damuna, don gaskiya mu nan ba Baturen Google a Kaliforniya ke tona mana asiri ba, wanda ya san mu ne. Wa ya buɗe maka Gmail? Da yawa yaron shago ne ya buɗe ranar da aka sayi salular, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci lambarsa ya sa a wurin dawo da asusu, kai kuwa ko sunan adireshin ba ka riƙe ba. Wannan daidai yake da ka gina ɗaki ka bar wa magini makulli. Shiga asusunka na Google, sashen Sécurité, canja kalmar sirri, duba lambar dawowa ta zama taka, duba jerin na'urorin da ke ciki ka fitar da baƙi. Daga nan ka buɗe myactivity.google.com, kar ka tsorata, duk abin da ka nema da bidiyon da ka kalla a YouTube za ka gan su da rana da awa, goge, ka saita ya dinga gogewa da kansa bayan wata 3.

Ka kuma sani kalmomin sirrin da Chrome ya adana maka, duk wanda ya san kod ko zanen buɗe salularka zai iya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Don haka in an ɗauke wuta ka kai wa mai caji, kashe ta gaba ɗaya kafin ka miƙa. Wurin mai gyara cire sim da katin memori, in gilashi ne ko bakin caji ba ya buƙatar kod ɗinka, in ya ce sai ya gwada ka ce to Malam bari in buɗe maka da hannuna, ba faɗa ba ne. Mata musamman, Hajiya hotunan biki da na gida ba na kowa ba ne. A WhatsApp kunna Vérification en deux étapes ka sa lamba 6 da kai kaɗai ka sani, leƙa Appareils connectés lokaci-lokaci, kuma kod ɗin da ya shigo ta SMS ko da wani ya kira ya rantse da Allah kuskure ne ya turo, kar ka karanta masa.

Abu na ƙarshe ba ya cikin salula. Tambayi kanka lambar mutum nawa ka haddace, wasu ko ta mahaifiyarsu babu. Samu ƙaramin littafi ka rubuta lambobin da ba ka iya rasawa, na gida da na abokan ciniki na Kano da Maradi da Agadez, da adireshin Gmail ɗinka, ka aje a gida ba a bayan salula ba. Sim ɗin ma ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, don in ya ɓata da katin shaidarka za ka karɓo lambar, kuma ta wannan lambar WhatsApp da Google za su gane kai ne.

In za ka sayar da ita ko ka ba ƙane, fara cire asusun Google tukuna sannan ka yi Réinitialiser, wato goge komai ta koma kamar sabuwa. In ka goge ta da asusun a ciki ta hanyar maɓallan gefe, za ta kulle tana neman kalmar sirrinka, gobe mai saye ya dawo yana maka sallama a ƙofar gida.