Warin ɗakin kaji: inda ake kuskure wajen zuba alam

Idan ka shiga ɗakin kaji da sassafe a lokacin hunturu, ka ji ido yana yi maka yaji, hanci yana zafi, to amoniya ce. Ƙwayoyin cuta ne ke narka kashin kajin da ke cikin dusar katako ko buntun shinkafa, iskar ta tashi. Danshi da zafi suna hura mata wuta. Aikin alam, wato sinadarin aluminium sulfate, da sauran sinadarai irinsa shi ne su sa wannan shimfiɗar ta ƙasan ɗaki ta yi tsami, sai amoniyar ta maƙale a ciki ta kasa tashi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne toka. Na taɓa ganin wani mai kiwo ya kwashe tokar murhu ya barbaɗa a ɗakin 'yan tsaki, wai don ta shanye danshi. Kafin la'asar tsakin sun rufe ido suna rakuɓe a kusurwa. Toka da farar ƙasa kishiyoyin tsami ne, suna korar amoniya ta fito gaba ɗaya. Wanda ya haɗa su da alam kuwa ya yi asarar kuɗinsa biyu, domin ɗaya yana kashe ɗaya. In dole sai an yi amfani da farar ƙasa, a yi lokacin da ɗakin ba kowa, a buɗe tagogi.

Sai lokacin zubawa. Busasshen alam yana bukatar kwana 5 zuwa 7 kafin a kawo tsaki, kuma a cakuɗa shi da saman shimfiɗar. Kada a bar shi dunƙule-dunƙule, don tsako ba ya barin abin da ya gani bai tsattsaga ba. A daka shi ya yi laushi, a sa safar hannu da takunkumi. Shi kuwa sodium bisulfate, wani sinadari mai aiki irin na alam, a sama ake barbaɗa shi, ba a juyawa, kwana guda kafin zuwan tsakin.

Wasu kuma suna tsuke hannu. A gonakin Amurka, inda aka gwada alam sosai tun shekarun 1990, ana zuba kimanin rabin kilo zuwa kilo guda a kowace murabba'in mita. Ɗan barbaɗe kamar gishirin miya ba ya tsinana komai. Ko an zuba daidai ma, ƙarfinsa yana raguwa bayan mako uku zuwa huɗu.

Kuma alam ba ya gyara mazubin ruwa mai yoyo. Damƙi shimfiɗar a tafin hannunka: in ta dunƙule kamar fura, ruwa ya yi yawa, kwashe wurin ka gyara mazubin tukuna. Haka kuma ba ya taimakon masu toshe kowace kafa da leda saboda sanyi. A bar sama a buɗe iska ta riƙa wucewa.

Kada ka yarda da hancinka, ya riga ya saba. Durƙusa daidai tsayin kan kaza ka shaƙa, ko ka kira wanda bai saba shiga ba. Ana so kada amoniya ta wuce 25 ppm, wato kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin.

Shimfiɗar da aka yi wa alam tana riƙe sinadarin naitirojin, don haka buhun kashin da za ka sayar wa mai masara ko mai lambun albasa ya fi wanda warinsa ya tafi a iska ƙarfi.