Yadda Ake Ajiye Babur Idan Za a Tafi Ci-rani

Da an gama girbi, matasa da yawa daga Gummi, Anka, Zuru da Argungu kan tafi ci-rani, ba su dawowa sai gab da faɗuwar damina. Babur kuwa a jingine shi a zaure wata huɗu ko biyar, ya sha ƙurar hunturu, ya sha zafin bazara. Ranar da aka dawo a yi ta buga kik ya ƙi tashi. Galibi injin lafiyarsa ƙalau. Fetur ɗin da aka bari a kafireta da batirin da aka bari a haɗe su ne masu laifi.

Fara da wanki, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka hau shi kamar minti 15 don injin ya ɗauki zafi, ka juye tsohon baƙin mai tun yana da ɗumi, domin a lokacin ne yake fita da dattinsa. Tsohon mai yana ɗauke da guba mai cin ƙarfe, kuma idan ya daɗe a kwance sai ya daskare a ƙasan injin. Sai ka zuba sabo. Ƙananan babura irin su Boxer da Jincheng kusan lita 1 suke sha, mai lamba 20W-50, amma ka duba da sandar awo kada ya zarce alama.

Batun fetur shi ne ya fi muhimmanci. Fetur yana fara lalacewa cikin wata ɗaya zuwa uku, zafi kuma yana gaggauta hakan, ga shi a Birnin Kebbi da Gusau zafin Afrilu kan haura digiri 40. Mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo ja-ja mai wari kamar tsohon fenti. Ramukan da mai ke bi a kafireta ba su wuce bakin allura ba, danƙo kaɗan ya isa ya toshe su. Don haka ka rufe makullin mai, ka tada babur ɗin ka bar shi ya mutu da kansa. Bayan haka ka sassauta 'yar ƙusar da ke ƙasan kafireta, sauran man ya tsiyaye a gwangwani, ka mayar ka ɗaure. Tanki kuma ya danganta da daɗewar tafiya. Idan ba za ta wuce wata biyu ba, cika shi fal, don tankin da ke rabi yana tara raɓa ya yi tsatsa. Idan za ta wuce haka, juye man duka, ka zuba baƙin mai kamar cokali uku, ka girgiza ya shafe ciki. Man kwalba na bakin hanya kada ma a ajiye babur da shi, sau da yawa akwai ruwa da ƙasa a ciki.

Cire fulogi, ka ɗiga sabon baƙin mai ƙaramin cokali ɗaya a ramin, ka taka kik a hankali sau uku ko huɗu, makulli a kashe, ka mayar da fulogin. Wannan yana hana zoben fistin kamawa.

Batir a cire shi gaba ɗaya, a fara kwance wayar da ke da alamar ragi. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 a na'urar awon wuta, idan ya daɗe ƙasa da 12, farantansa na lalacewa, ko an yi caji ba ya riƙewa. Ka ba wani ɗan'uwa ya ajiye a inuwa, yana kai shi caji sau ɗaya a wata. Wasu kan ce wa ƙane ya riƙa tada babur ɗin minti biyar duk mako. Illar hakan ta fi amfaninsa: injin bai yi zafin da zai kori danshi ba, kafireta kuma ta sake cika da mai. Balle ma ƙanen da aka ba makulli ba a minti biyar yake tsayawa ba.

Sarƙa a wanke ta da kananzir, a shafa mata man giya. Ka cika tayoyi iska, ka ɗora babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, ka sa bulo a ƙarƙashin injin don tayar gaba ma ta bar ƙasa. Tayar da ta sace tana ɗauke da nauyi tsattsagewa take yi a gefe.

Bakin salansa ka rufe shi da leda ka ɗaure da roba, saboda zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki. Mashigar iska ma a toshe, ɓeraye na sheƙa a wurin su ci soso da wayoyi. Shi ya sa ɗakin da ake ajiye hatsi bai dace ba. Kusa da murhu ma a'a. Ka lulluɓe da tsohon zanin gado ko bargo, kada ka sa tamfol na roba, yana riƙe zafi da gumi.

Idan ka dawo, cire ledojin tukuna. Ɗauraye tanki da fetur kaɗan, zuba sabo, haɗa batir, ka gwada birki da iskar taya. Zai yi farin hayaki na 'yan mintuna, man da ka ɗiga ne yake ƙonewa. Idan hayaƙin bai ɗauke ba bayan ka yi tafiyar kilomita biyar, kai shi wurin bakanike.