Yadda zaka bi dokokin kariya a wajen aiki ba tare da sun cinye maka jari ba

Duk mai ƙaramar masana'anta ko gareji ko kamfanin gini in ka zauna dashi kukan ɗaya ne, wai dokokin kare lafiyar ma'aikata sun yi yawa, takardu ba iyaka, sufeto ya zo ya ce sayi wannan gyara wancan, ita kuma ribar bata taka kara ta karya ba. Ni dai ban ce ƙarya suke ba, nauyi kam akwai shi, musamman ga mai yara shida da ake so ya cike fom irin na mai ma'aikata dubu. Amma a ganina mafi yawan kuɗin da ake kuka a kai ba doka bace ta ci su, rashin sanin ta inda za a fara ne.

Ka fara da gano wacce ce ta shafe ka tukuna, kar ka dogara da ji-ta-ji-ta. Ƙasashe da yawa suna sassauta wa ƙananan masu sana'a amma mutane basu sani ba. A Amurka hukumar kare lafiyar ma'aikata, wato OSHA, da dokar 1970 ta kafa bata tilasta wa mai ma'aikata 10 ko ƙasa da haka ajiye rajistar raunuka ta yau da kullum, sai dai in an yi mutuwa ko mummunan rauni dole ya kai rahoto. A Birtaniya kuma in ma'aikatanka basu kai biyar ba, ba dole sai ka rubuta binciken haɗarin da ka yi a takarda ba, binciken dai za ka yi, kuma dokarsu ta 1974 cewa ta yi ka kare mutane gwargwadon abin da zai yiwu a hankalce, ba wai ka sayar da kamfani ka sayi kayan kariya ba. To kaga kafin ka biya wani mai ba da shawara kuɗi, je ka karanta taka dokar ko ka tambayi ma'aikatar ƙwadago.

Bayan haka ɗauki biro da takarda ka zaga wajen tare da masu aikin, ba kai kaɗai ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tambaya ɗaya zaka riƙa yi a kowane lungu: me zai iya kashe mutum ko ya nakasa shi a nan? Faɗowa daga sama, wutar lantarki, injin da ba murfi, gobara, sinadari, ƙura. Su zaka sa a sama, sauran ƙananan su jira.

Nan ne wajen da mutane ke asarar kuɗi. Da an ce kariya sai hankalin kowa ya tafi kan hular kwano da safar hannu da takalmi da takunkumi, alhali masana harkar su suke sawa a ƙarshen layi. Abin da ya fi shi ne ka kawar da haɗarin gaba ɗaya, in bai yiwu ba ka musanya shi da mai sauƙi, in shima bai yiwu ba ka raba shi da mutane da murfi ko shinge ko fanka mai zuƙe hayaƙi, sai ka gyara tsarin aikin, sannan fa kayan sawa su biyo. Dalili kuwa murfin inji sau ɗaya zaka saye shi kuma ba ya mantuwa, safar hannu kuwa yau ta yage gobe ta ɓace jibi yaro ya cire saboda zafi, kai ta saye kenan har abada. Misali ƙara, in ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara kenan) tsawon awa takwas tana lalata ji a hankali, to maimakon raba wa mutum ashirin abin toshe kunne duk wata, in janareto ne ke ƙarar, matsar dashi waje ka kewaye shi.

Wasu abubuwan ma kyauta ne wallahi. A 1911 gobara ta kashe mutum 146 a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, yawanci 'yan mata, kuma ƙofa a kulle na cikin abin da ya hana su fita. A watan Afrilun 2013 ginin Rana Plaza a Bangaladash ya rufta kan mutane sama da 1,100 suka mutu, bayan an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan amma aka ce su koma bakin aiki. Nawa ne kuɗin barin ƙofa a buɗe da kwashe kwalaye daga hanya? Nawa ne kuɗin ce wa ma'aikaci in ka ga abin tsoro ka tsaya ka faɗa, ba mai korarka?

Takardu kuma kar ka bari su zame maka dodo. Littafi ɗaya ya isa, kwanan wata, me aka gani, wa zai gyara, yaushe aka gyara. Ka riƙa rubuta har haɗarin da saura ƙiris ya faru, su ne suke nuna maka inda babban zai fito. Ranar da sufeto ya zo littafin nan zai yi maka magana. In kuma ka ci karo da ƙa'idar da da gaske bata da ma'ana a irin sana'arka, akwai su ai, ku kai ƙorafi ta ƙungiyarku a rubuce, amma kar ka ba da na goro a rufe ido, kuɗin ya tafi haɗarin kuma yana nan.

In zaka yi lissafin tsada ka yi shi duka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, kuma mafi yawa cuta ce ba hatsari ba, irin cututtukan da ƙura da sinadari ke jawowa da sai bayan shekaru suke bayyana, shi yasa mai kamfani yake ganin kamar lafiya lau. Sa kuɗin asibiti da diyya da lauya da kwanakin da inji zai tsaya da horar da sabon hannu a gefe guda, murfin injin a ɗaya gefen.

Abin da zaka iya yi gobe da safe, sayi kwaɗo ɗaya ga kowane mai gyaran inji, duk wanda zai sa hannu cikin inji ya kashe wuta daga makunni ya datse da kwaɗonsa ya jefa makullin a aljihu, ba mai kunnawa sai ya fito ya buɗe da kansa, ko da kai oga ne kake sauri.