Yadda Ake Fatsa a Lagun ɗin Legas, Inda Ruwan Kogi ke Haɗuwa da na Teku

Wanda ya koyi fatsa a Kainji ko dam ɗin Tiga ko gulbin Argungu ya saba da ruwa mai fuska ɗaya: ko yana gangarawa hanya guda, ko yana kwance. A Legas ba haka ba ne. Ruwan da ka ga yana shigowa gari da hantsi, kafin la'asar ya juya yana komawa teku. Kogin Ogun da ƙananan rafuka suna zubo ruwan daɗi daga arewa, Tekun Atlantika kuma yana turo ruwan gishiri ta mashigar jiragen ruwa da ke tsakanin Tarkwa Bay da Victoria Island. A tsakiya sai a sami ruwan zartsi. Kifin da ke rayuwa a irin wannan wuri da motsin ruwa yake cin abinci, don haka duk wanda ya fara da sayen sanda mai tsada kafin ya koyi lokutan ruwa ya fara daga ƙarshe.

Mataki na farko: ka san lokacin ruwa

Teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da kimanin minti 50. Tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci. Wannan minti 50 ɗin shi ke sa lokacin yana matsawa gaba kullum: idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 7 na safe, gobe sai wajen 8 saura, bayan mako guda kuwa a wannan lokacin ruwa a janye za ka same shi. Jadawalin cikar ruwan Legas yana nan a intanet kyauta, akwai kuma manhajojin waya da ke nuna shi. Amma ka tuna lissafin na bakin mashiga ne. Duk yadda ka ƙara nutsawa cikin lagun, ruwan yana makara kafin ya iso, ƙarfinsa kuma yana raguwa, har ta kai a wajen Epe da ƙyar za ka gane bambanci.

Wata ne ke jan ragamar wannan al'amari, kuma a nan wanda ke bin lissafin watan Musulunci ya fi kowa sauƙi. Wajen tsayuwar wata, da kuma ranakun 14 zuwa 16, ruwa ya fi cika, ya fi janyewa, ya fi gudu. Wajen 7 da 8 ga wata, da 22 da 23, sai ya yi sanyi. A gaɓar Legas tazarar cika da janyewa ba ta cika wuce mita ɗaya ba, amma kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka, domin duk wannan ruwa ta ƙunƙuntar mashiga yake shiga ya fita, kuma a can gudunsa yana iya fin ƙarfin mai tuƙa kwalekwale.

Kifi yana ci ne idan ruwa na tafiya. Awa biyu na ƙarshe kafin ruwa ya cika, da awa biyu na farko bayan ya fara janyewa, su ne zuciyar ranar. Idan ruwa ya tsaya cak tsakanin biyun, yawanci kamu ma yakan tsaya. Lokacin cin abincinka da gyaran kaya ke nan. In ka dace motsin ruwa ya faɗo daidai da bayan sallar asuba ko gab da magariba, to ranar ce ta cancanci ka bar wani uzuri dominta.

Sai kuma shekara. Daga Disamba zuwa Afrilu, da rani, ruwan gishiri yana kutsawa ciki sosai, kifayen teku suna biyo shi. Da damina, musamman Yuni da Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, ruwan kogi yana rinjaye, lagun ya yi ja, ciyawar nan mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa ta rufe wurare, sai ka koma neman kifin ruwan daɗi ko ka matsa kusa da teku.

Mataki na biyu: ka zaɓi inda za ka tsaya

Kifi mai farauta ba ya son wahala. Yana neman inda zai laɓe daga gudun ruwa, abinci ya zo ya same shi. Saboda haka idonka ya kasance kan abubuwan da ke karya ruwa: ƙafafun gada, turakun tsohuwar matsayar jirgi, duwatsu, da saiwoyin itatuwan nan da ke tsirowa cikin taɓo a gefen rafukan Badagry. Gadar Third Mainland kaɗai, mai tsawon kilomita 11.8, ƙafafunta sun ishe ka misali, sai dai da jirgi ake isa gare su, ba daga saman gada ba. Akwai kuma dogayen katangun duwatsu da aka fara jerawa a bakin mashiga wajen 1908 don kare hanyar jirage daga yashi. Gefensu matattarar manyan kifaye ne.

Wurin da na fi yarda da shi shi ne bakin ƙaramin rafi lokacin da ruwa ke janyewa. Ruwan yana kwaso jatan lande da ƙananan kifaye daga cikin taɓo ya fito da su, manyan kuma suna jere a bakin suna jira, kamar 'yan kamasho a ƙofar tasha. Ka duba kuma layin da ruwa mai duhu ya haɗu da mai haske, da inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa, da inda ƙananan kifaye ke tsalle a firgice. Wata dabara mai arha: ka je wurin ranar da ruwa ya janye ƙwarai, ba tare da sanda ba, ka ga inda ramuka da kwazazzabai suke. Gobe in ruwa ya rufe su, kai ka san abin da ke ƙasa.

Ruwan nan yana da masu shi. Ƙabilun Ilaje da Egun da Awori sun gaji kamun kifi a cikinsa tun kaka da kakanni. Idan ka ga rassan itace an kafa su a cunkushe a tsakiyar ruwa, wannan gonar kifin wani ce, ya kashe kuɗi ya kafa ta don kifi ya taru. Kada ka jefa ƙugiya a ciki. Ka yi sallama, ka gaishe da dattijon da ka tarar, ka tambayi inda babu damuwa. Sau da yawa shi zai nuna maka wurin da ya fi wanda ka yi niyya. Harabar tashar jiragen Apapa da sansanonin sojan ruwa kuwa, nesa da su ya fi. Haka ma bakin magudanar ƙazantar gari, ko da kifi na tsalle a wurin.

Mataki na uku: haɗa kaya

Sanda mai tsawon mita 2 da rabi zuwa 3 da injin naɗe zare matsakaici sun isa. Wanda ba shi da su, zaren hannu da aka naɗe a katako yana kama kifi, masuntan wurin da yawa da shi suke aiki. Zare mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.40 ya yi, amma ka ƙara guntun da ya fi shi kauri, kamar 0.60, tsawon kamu ɗaya ko biyu, a gaban ƙugiya, domin duwatsu da turaku cike suke da ɓawon kawa mai kaifi.

Haɗin da ya fi amfani shi ne na dalma mai zamewa. Ka zura zaren cikin hujin dalma, ka ɗaura shi a ɗan maɗaurin ƙarfe mai juyawa, sannan ka ɗaura guntun zare mai kauri da ƙugiya a ɗaya gefen. Idan kifi ya ɗauki ƙoto, zaren zai zame ta cikin dalmar, ba zai ji nauyi ya tofar ba. Nauyin dalma ruwa ne ke yanke shi: giram 30 a ruwa mai tafiya a hankali, har 90 ko fiye idan yana gudu. Ka sa mafi ƙanƙantar da za ta iya riƙe ƙasa. Ƙugiya mai lamba 4 zuwa 1 ta ƙananan kifaye ce, 2/0 zuwa 5/0 ta manya.

Mataki na huɗu: ƙoto na gaske

Tana, wadda muka dogara da ita a arewa, ba ta jure gishiri. Nan da nan take mutuwa ta yi fari. Ka ajiye ta sai damina ko can cikin lagun wajen Epe, inda za ta kamo maka karfasa da tarwada da kuma kifin da Yarbawa ke kira obokun, ɗan uwan ragon ruwa, wanda kasuwar Epe ta yi suna da shi.

A ruwan zartsi jatan lande ne sarki. Kusan babu kifin da ke ƙin sa. Idan mai rai ne, ka soka ƙugiya ta ƙasan ƙahonsa, ka kauce wa baƙin ɗigon da ke cikin kansa, domin in ka taɓa shi ya mutu. Idan nesa za ka jefa, ta wutsiya ya fi riƙewa. Ka ajiye su a bokiti da ruwan wurin, a inuwa, kana sauya ruwan. Wanda ya kwana a ƙanƙara yana aiki, amma wanda aka saya daga hannun masunci da safe ya fi shi nesa ba kusa ba. Yankan shawa ma yana da kyau saboda maiƙonsa yana bin ruwa ya kira kifi, sai dai yana da laushi, sai ka ɗaure shi da ɗan zaren ɗinki. Ƙaramar ƙaguwa kuma ita ce ta jan kifin nan mai haƙora da ke zama gindin duwatsu, wanda a kasuwa ake ce wa sinafa.

Mai neman babba sai ya sa ƙaramin kifi mai rai, kamar atoko ɗan tsawon yatsa biyu, ya soka ta leɓe ko ta gadon baya ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Ka jefa sama da inda kake zaton kifin yake, ruwa ya gangaro da ƙoton zuwa gare shi. In ka ji ana ɗan tsattsaga, yawanci ƙanana ne ko ƙaguwa, kada ka fizga. Ka jira sai zaren ya miƙe, sanda ta yi nauyi, sannan ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya.

Mataki na biyar: ƙoton bogi

Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu saba da shi ba: kifin roba ko na ƙarfe da ba shi da ƙamshi ba shi da ɗanɗano, hannunka ne kawai ke ba shi rai. Iri uku sun ishi mai farawa. Akwai cokali, ƙarfe mai walƙiya na giram 20 zuwa 40, wanda ake jefawa nesa a naɗo shi da sauri. Kuta, wato barakuda, ba ya iya haƙuri in ya gan shi. Shi kuta haƙoransa sun yi na tsage, don haka sai da guntun waya a gaba, in ba haka ba cokalin ya tafi. Akwai roba mai laushi mai siffar kifi ko jatan lande, da ake sa wa ƙugiya mai kan dalma. Wannan a hankali ake tafiyar da ita: ka bari ta taɓa ƙasa, ka ɗaga sanda kaɗan, ka bari ta sake nutsewa. Galibi lokacin nutsewar ake kai mata cafka, shi ya sa zarenka bai kamata ya saki ba. Kuroka da kifin nan mai geza da ake kira shaininos sukan faɗa wannan tarko. Na uku shi ne mai fantsama ruwa a sama, na sanyin safiya ne da yamma liƙis, kuma ko bai kama ba, ganin ruwa ya fashe a bayansa ya biya kuɗin mota.

A ruwa mai haske ka sa fari ko ruwan azurfa, ka rage kaurin zare, ka kuma ja baya daga gaɓa. Kifi na ganinka, mai jar koma. A ruwa mai laka, ruwan zinariya ko baƙi ko ruwan ɗorawa sun fi fitowa. Ka jefa ta inda ruwa ke fitowa ka naɗo tare da shi, domin ƙaramin kifi na gaske ba ya haura ruwa mai gudu da ƙarfin hali. Mai ƙoton bogi ba ya zama wuri ɗaya: in ka share wurin hagu da dama da tsakiya shiru, ka matsa gaba. A ganina, baƙo ya fara da jatan lande har ya gane wurin, sannan ya koma roba. Wanda ya fara da roba a ruwan da bai sani ba, ba zai gane ko hannunsa ne da laifi ko babu kifin ba ne.

Idan ya kama

Ka saita birkin injin tun kafin ka jefa, yadda babban kifi zai iya jan zare ba tare da ya tsinke ba. Amma kusa da turaku ko saiwoyi, daƙiƙun farko ne ke yanke hukunci: ka karkatar da sanda gefe ka janye shi daga maɓoyarsa, in ya shige ciki an gama. Ƙayar obokun da danginsa tana da dafi, ka riƙe shi da tsumma. Kunamar ruwa tana kwanciya cikin yashi a ruwa mara zurfi, saboda haka in za ka shiga, ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa. Wanda ta harba ya tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, sannan ya nufi asibiti. Talibambam na teku kuwa, mai kumbura ciki, akwai guba a hantarsa da ƙwansa wadda dafuwa ba ta kashewa. Cire ƙugiya ka mayar da shi. Ƙananan da ba su kai ci ba su ma a sake su. Wanda za ka tafi da shi gida, ka fasa cikinsa da wuri ka sa a ƙanƙara, zafin Legas ba ya jira.

Kada ka hau jirgi ba rigar kariya daga nutsewa, ko da ka iya iyo a gulbi. Duwatsun bakin mashiga suna da santsi, igiyar ruwa kuma takan taso babba bayan ƙanana da yawa, don haka ba a juya wa teku baya, ba a kuma zuwa can mutum ɗaya. Da ka dawo gida, kafin ka zauna, ka wanke sanda da inji da ƙugiyoyi da ruwan famfo, ka shanya su a inuwa, ka ɗiga ɗan mai a wuraren da ke juyawa. Ƙugiyar da ta kwana da gishiri, kafin mako ya zagayo tsatsa ta cinye bakinta.